Asu da Sauran Mazauna Sheƙar Tsuntsu

A ƙasar Dakoro, can arewacin jihar Maraɗi, inda gonakin hatsi suke ƙarewa wajen kwarin Tarka, makiyayar Fulani da Buzaye ta soma, babu tsuntsun da manomi yake zuba idon zuwansa kamar shamuwa. Domin idan bazara ta tsananta, ruwan rijiyoyi ya yi nisa, sai a wayi gari a gan ta ta sauka bisa gawo a tsakiyar gari, tana jidar ƙirare tana gyaran tsohuwar sheƙa, kowa kuwa ya san damina ta ƙarato. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, wannan sheƙa da aka bari tun kaka, mai ita ta nufi kudancin Afirka, ba ta taɓa zama kango ba, gama akwai ƙananan halittu da suka yi rani a cikinta, wasu suna ci, wasu suna barci, wasu kuwa suna jiran dawowar uwar gida da haƙurin da ɗan Adam ba shi da irinsa.

Dalilin taruwarsu a fili yake ga mai hankali. Sheƙa wuri ne mai ɗumi da inuwa, kuma a cikin wata biyu ko uku da tsuntsu yake kwanci da reno, abubuwa iri-iri suna zuba a ƙasanta: gashin da ya fige, da ɓawon ƙwai, da kashi, da ragowar fara da ɗiya suka kasa haɗiyewa, wani lokaci har da gawar ɗan da bai yi rai ba. Al'amarin ya yi kama da zangon fatake, inda kowace dabba mai neman na banza take kewayawa bayan ayari ya tashi.

Mafi ban mamaki a cikinsu shi ne asu, wannan ɗan ƙwaro mai fiffike ruwan ƙasa wanda mata suke tsine wa idan suka buɗe adaka suka tarar da bargo ya zama rariya. Danginsa, waɗanda masana suke kira Tineidae, sun haura iri 3,000 a duniya, kuma wasu daga cikinsu Allah ya hore musu abin da ya gagari akasarin masu rai, wato narkar da sinadarin nan mai tauri da ake kira keratin, wanda da shi aka gina gashi da farce da kofato da ƙaho. Uwar asun tufa ba ta cin kome, bakinta ma bai cika ba. Iyakar aikinta ta zuba ƙwai kamar 40 zuwa 50 a wurin da ya dace, ta mutu. Tsutsar ce mai ɓarna. Wani iri yakan saƙa wa kansa ɗan kube da zaren bakinsa da guntayen gashin da yake ci, buɗe gaba da baya, yana jan abinsa duk inda za shi, idan ya so juyawa ya juya a ciki, idan kuma ya yi ƙiba ya tsaga gefe ya ƙara ƙyalle. Tsutsar ba ta neman ruwan sha, abin da jikinta yake tatsa daga abinci da raɓar iska ya wadatar da ita, kuma gashi mai tsabta ba ya ƙosar da ita sai wanda ya sha gumi ko ƙazanta, shi ya sa rigar da aka ajiye ba a wanke ba ita take fara lalacewa.

To, tun kafin ɗan Adam ya san saƙa, ina wannan tsutsa take samun gashi a tare wuri guda? A sheƙa, da ramukan namun daji, da kan mushe. Mujiya takan haɗiye ɓera ɗungum, daga baya ta amayar da gashin da ƙasusuwan a dunƙule, su taru a kogon da take kwana. Cilakowa kuwa, idan macen za ta yi kwanci, takan shiga kogon itace a liƙe ƙofar da laka da kashi, a bar ɗan tsagi wanda namiji zai riƙa miƙo mata abinci, a can ciki kuma take zubar da gashin fiffikenta da na wutsiya. Haka nan manyan ungulayen daji, irin waɗanda suke sheƙa a gandun Gadabeji da aka keɓe tun 1955, abincinsu mushe ne, ragowarsa kuwa a sheƙa take ƙarewa. Akwai ma wani ɗan'uwan asu a Afirka, Ceratophaga vastella, wanda ya fi kowa ƙarfin hali, domin ƙahon dabbar da ta mutu yake ci, har a ga wasu 'yan bututu masu launin ƙasa sun tsiro a jikin ƙahon birjik.

A Ingila, a shekarar 1953, wani masani mai suna Woodroffe ya buga sakamakon binciken da ya yi a kan sheƙunan tsuntsayen da suke zama a jikin gine-gine, ya nuna cewa busasshiyar sheƙa, wadda rufi ya kare daga ruwan sama, matattara ce ta ƙwarin da suke ɓata tufafi da abinci a cikin gidaje. A ganina wannan hukunci ya shafi ƙasa mai ƙarancin ruwa kamar tamu ƙwarai, inda damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, kusan kowace sheƙa busasshiya ce a yawancin shekara. Wani ɗan baƙin ƙwaro mai suna Dermestes, wanda tsutsarsa mai gashi take huda kirgi da busasshen kifi, shi ma danginsa mazauna sheƙa ne, kuma masu fataucin fatar jar akuyar Maraɗi sun san asarar da yake jawowa ko da ba su san asalinsa ba.

Waɗannan duka masu cin saura ne, cutarsu ga tsuntsu kaɗan ce, har ana iya cewa shara suke yi masa. A arewacin Ostareliya akwai wani aku mai haƙa sheƙa a cikin suri, da wani asu wanda tsutsarsa ba ta da abinci sai kashin ɗiyan akun. Amma akwai masu shan jini, su ne musiba. Ƙuma takan yi ƙwai a sheƙa, tsutsarta ta girma a cikin dattin, ta naɗe kanta, ba za ta fito ba sai ta ji motsi da ɗumin jiki. Kaska mai taushin baya, wadda ake kira Argas, takan ɓuya a ɓawon itacen da balbelu suke taruwa, ta fito da dare ta sha ta koma, kuma tana iya daurewa fiye da shekara ba ta ɗanɗana jini ba. 'Yar'uwarta ce take zama a tsagin akurki, tana sa wa kaji zazzaɓin da ke sa su saki fiffike, su yi zawo kore, su mutu. Akwai kuma wani ƙuda, Passeromyia, wanda tsutsarsa take kwana a ƙasan sheƙa tana tsotson ɗiyan tsuntsu tun ba su yi gashi ba. Makamancinsa ne aka gano a 1997 a sheƙunan tsibiran Galapagos, inda ya kusa ƙarar da wasu ƙananan tsuntsaye. Su kuma waɗannan duka gizo-gizo da tururuwa da wasu ƙwari mafarauta suna bin su suna ci.

Tsuntsaye ba su rasa dabara ba. Da yawa daga ƙanana suna ɗauke kashin ɗiyansu a baki su yar nesa, wasu kuma ba sa komawa sheƙar bara ko da tana nan lafiya lau. A Kalkata ta Indiya an ga gwarare suna shimfiɗa ɗanyen ganyen dogon yaro a sheƙa, a birnin Meziko kuwa, a 2012, an nuna cewa sheƙar da aka cusa wa guntayen tabar da aka sha ta fi ƙarancin ƙwari masu shan jini.

Mai gida ba shi da hujjar rushe sheƙar shamuwa da ke can bisa itace, ga shi ma al'ada ta hana taɓa ta, ga kuma farar da take cinye masa. Wadda ta cancanci kulawa ita ce ta cikin rufin ɗaki da ta bakin rumbu da tukwanen tantabaru: a bari sai ɗiya sun tashi, sannan a kwashe a ƙone, a liƙe tsagin bango da sabuwar laka, a zuba toka a akurki, barguna da rigunan ulu kuma a wanke su, a shanya su a ranar bazara, a kakkaɓe sosai kafin a mayar da su adaka.