Wa Ke Tsaron Fanshon Maigida?

 

A wannan mako za mu ɗan ajiye zancen girki da reno, mu taɓa wata magana wadda muka saba cewa ta maza ce, watau maganar fansho. Abin da ya sa na ɗauko ta kuwa, wata ziyara ce da na kai Jandutsi, a ƙasar Jega, wajen wata ƙanwata da ta fita takaba. Mijinta malamin firamare ne, ya kusa shekara 30 yana koyarwa, Allah Ya karɓi abinSa. Ya bar ta da 'ya'ya shida, da uwarsa tsohuwa.

Na tarar ƙanen mamacin ya dawo daga ofis ke nan da wata doguwar takarda, an jera masa abubuwan da zai kawo kafin a soma lissafin haƙƙin yayansa. Ƙanwar tawa ta jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, ta ce, "Yaya, ke da kika yi boko, duba mini. Malam ya ce komi nasa yana nan ciki."

Na buɗe. Wayyo! Gara ta riga mu. Takardar ɗaukarsa aiki ta farko saura rabi, kwanan watan ma yana cikin abin da aka cinye. Na duba sauran, sai na ga a wata takarda Malam ya girmi kansa na wata takardar da shekara uku. Na ce, "Ke, duk shekarun nan ba ki taɓa leƙa akwatin nan ba?" Ta ce, "Haba Yaya, ina ni ina takardun Malam?" Ga ta kuwa ta gama firamare, tana karatun Hausa rau da ita. Ban ga laifinta ba ƙwarai, gama haka aka raine mu duka. Amma yau hatsin gidan nan na shekara yana rataye da takardun da ta ce ba ruwanta da su.

To, bari mu faro daga tushe. Iyayenmu sun san zamanin En'e, sa'ad da Jega da kewayenta ke ƙarƙashin En'en Gwandu, Baitulmali kuwa yana Birnin Kabi. Tun zamanin Turawa, a 1951, aka yi dokar fansho ta ma'aikatan gwamnati. A 1976 aka yi babban gyara, ƙananan hukumomi irin na yau suka maye gurbin En'e, sa'an nan a 1979 aka yi Doka ta 102, wadda aka daɗe ana bi wajen lissafin fansho. Da aka cire Jihar Kabi daga Sakkwato ran 27 ga Agusta 1991, sai al'amarin ma'aikatanmu ya koma Birnin Kabi. Yau jihar tana da ƙananan hukumomi 21, cikinsu har da Jega da Aliero da Maiyama.

Kada wata ta ce wannan zancen akawuna ne kaɗai. Malamin firamare, da malamar asibitin ƙauye, da ungozoma, da duba-gari, da masinja, da maigadin sakatariya, duk a inuwa ɗaya suke. Kun ga ke nan mata da yawa fanshon kansu ne ake magana, ba na maigida ba.

Wa ke riƙe da kuɗin? Nan fa ya kamata a natsu. Kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya an daɗe yana biyowa ta wani asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, daga nan ake fid da albashin malamai da kuɗin fansho kafin a raba saura. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kuɗinsu kai tsaye. Ko ta wace hanya kuɗin suka biyo, abin da ya dame mu ɗaya ne: a ware na tsofaffi kowane wata, kada a ce sai an ga abin da ya rage. Fayil ɗin ma'aikaci yakan tashi daga sakatariyarsa, ko ofishin ilmi in malami ne, ya tafi Birnin Kabi wajen hukumar da ke kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ko ta ilmin firamare. Daga can sai wajen Mai Binciken Kuɗi na ƙananan hukumomi, shi zai duba lissafi ya sa hannu, kana hukumar fansho ta sa sunan mutum cikin waɗanda za a biya. A kowane tebur takarda ake dubawa. Ba wanda zai tambayi ko Malam mutumin kirki ne.

Akwai kuma abin da nake so kowace 'yar makaranta ta haddace. Tsarin Mulkin 1999, sashe na 210, ya ce ba a hana wa ma'aikacin jiha fanshonsa ko a rage masa sai bisa doka, kuma ma'aikatan ƙananan hukumomi suna ciki. Ya ce a sake duban fansho kowace shekara biyar, ko sa'ad da aka yi gyaran albashi, duk wanda ya riga zuwa. Har ila yau ya ce ba a cire haraji a fansho. Saboda haka tsohon da ya je neman nasa ba bara ya je ba, guminsa ya je karɓa. Na faɗi haka don na sha ganin dattawa suna durƙusa wa yaran da suka koya wa abacada.

Yaushe ake ajiye aiki? In mutum ya cika shekara 60 da haihuwa, ko 35 yana aiki, duk wanda ya fara cika. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a wata doka da ta kai na malaman makaranta shekara 65 da haihuwa ko 40 a aiki, amma sai jiha ta amince kafin ta hau kan malamanta, saboda haka malamai su nemi bayani wajen ƙungiyarsu. Kun ga yanzu abin da ya sa shekara ukun nan na takardun Malam suka tayar mini da hankali. Da ranar haihuwa da ranar kama aiki, a kansu duk lissafin yake tsaye.

Ga lissafin kuwa, 'yan makaranta ku ɗauko fensir. A tsohon tsari abu biyu ake ba wanda ya huta: kuɗin sallama, watau garatuti, da ake biya sau ɗaya, da fansho na wata-wata har iyakar rai. Bisa jadawalin da aka saba bi, wanda ya yi shekara 10 yana da garatuti daidai da albashinsa na shekara guda, fansho kuwa kashi 30 cikin ɗari. Kowace shekara da ya ƙara, garatuti ya ƙaru da kashi 8, fansho da kashi 2. In ya kai 35, garatuti ya zama albashin shekara uku, fansho kashi 80. Mu ɗauka albashin da ake lissafi da shi Naira 100,000 ne a wata, watau 1,200,000 a shekara. Mai shekara 35 zai sami garatuti 3,600,000, da fansho 80,000 kowane wata. Mai shekara 20 fa? Ku yi da kanku, ku gani ko za ku sami 2,160,000 da 50,000. Amma ku lura, ba kowane alawus ne ke shiga wannan lissafi ba, kuma da matakin albashi na ƙarshe ake yi. Wanda aka yi wa ƙarin girma bai ajiye takardar ba, ya yi wa kansa asara har ya mutu. Wani abu kuma da mata da yawa ba su sani ba: a wannan tsari, in mai fansho ya rasu bai cika shekara biyar da hutawa ba, iyalinsa suna da haƙƙin karɓar fanshon har shekara biyar ɗin su cika.

Sabon tsari dabam ne, kamar asusu yake. An kafa shi a 2004 zamanin Shugaba Obasanjo, tare da hukumar PenCom mai sa ido, aka gyara dokar a 2014. A dokar tarayya ma'aikaci yana zuba kashi 8 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10, a tara a wani asusu mai sunan ma'aikacin da lambarsa, a hannun kamfanin da ya zaɓa. Dokar ta kuma wajabta inshorar rai, wadda ba ta kasa albashin shekara uku ba in mutum ya rasu yana bakin aiki. Tun 2021 akwai asusun da ba a sa kuɗinsa cikin harkar riba, ga masu gudun haka. Sai dai a aikace kowace jiha tana yin tata doka, kuma ba duka suka bi hanya ɗaya ba. Jigawa, alal misali, tun 2001 ta kafa nata tsarin karo-karo wanda ya haɗa ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi.

Saboda haka tambaya ta farko da za ki yi wa maigida, bayan ya ci tuwo ya sha ruwa, ita ce: "Malam, wane tsari kake ciki?" In ana cire masa kuɗin fansho a albashi kuma yana da asusu, to, kamfanin yana ba da takardar bayani kowane wata uku, wasu ma ta waya suke aikowa. Ki aza takardar albashi gefe, ta asusu gefe. Abin da aka cire nan, ya shiga can? Kason gwamnati fa, ya shiga? In wata uku ya wuce ba a ga komi ba, ya yi magana da ƙungiyarsu tun da sauran ƙarfinsa. Wannan ɗan dubawa da za ki yi a kan tabarma, shi ne aikin da manyan oditoci ke karɓar albashi a kai. Kada kuwa ku ce kuɗin tsofaffi ba mai iya taɓa su. A watan Nuwamba 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ɗaure Abdulrasheed Maina shekara 8 a kan sama da Naira biliyan 2, shi kuwa shi ne aka naɗa ya gyara sha'anin fanshon tarayya.

Yanzu ga inda zumunci ya fi lalacewa. A takardun aiki akwai wurin da ma'aikaci yake rubuta sunan makusancinsa, wanda za a nema in wani abu ya faru. Mutane suna kiransa magaji, sai shi ma ya ɗauka kuɗin nasa ne. Ba haka ba ne. Ɗan aike ne kurum. In Musulmi ya rasu, akan je kotu a karɓo takardar izni, a biya bashi, a cika wasiyya, sa'an nan a raba bisa shari'a. Matar aure tana da tumuni, watau ɗaya bisa takwas, in mamacin ya bar ɗa ko ɗiya, in bai bari ba tana da rubu'i, kuma in su biyu ne ko huɗu wannan kason suke rabawa. Uwa tana da sudusi in akwai 'ya'ya. Ɗa namiji yana ɗaukar rabon mata biyu. Ƙanen mamaci kuwa, in akwai ɗa namiji, ba shi da ko kwabo, sai lada da godiya. Maza da yawa tun suna samari suka rubuta sunan wani wa ko ƙane, suka yi aure suka haifu, ba su koma sun gyara ba. Ki tuna masa cikin ladabi. Tunawa da wannan ba ya kawo ajali.

Mu ma mata akwai namu laifin, ba zan ɓoye ba. Lokaci lokaci hukuma takan kira 'yan fansho tantancewa, don a fid da sunayen jabu da na matattu. Tsofaffi suna shan wahalar layi, gaskiya ne, ya kuwa kamata a riƙa bin marasa lafiya har gida. Amma me ya jawo tantancewar? Har da gidajen da tsoho ya rasu, aka yi shiru, ana aiken yaro da katinsa wajen mai POS kowane ƙarshen wata. Wadda ta ci wannan ta ci haram, kuma ta ci rabon wata gwauruwa a Maiyama ko Aliero da aka ce wa ta dawo wata mai zuwa. A kai rahoton rasuwa, a karɓi takardar shaida, a bi haƙƙin da doka ta bayar ta ƙofar gaba.

Ku kuma 'yan makaranta, naku tun yanzu yake farawa. Yadda aka rubuta sunanki da ranar haihuwarki a takardar firamare, haka za su zauna a ta sakandare, da katin ɗan ƙasa, da banki. Kada ki zama Hauwa'u nan, Kulu can, Jiddah a wani wuri. Kada kuma ki yarda wani ya rage miki shekaru wai don a sami aiki, gama ranar ajiye aikin takardun za su ƙaryata juna. Takardun gida kuwa, da ta ɗaukar aiki, da ta tabbatarwa, da na ƙarin girma, da na canjin wurin aiki, da ta albashin ƙarshe, a yi musu hoto biyu biyu in an shiga Jega cin kasuwa. A sa na ainihi cikin leda, a rufe a kwalla ko gwangwani mai murfi, a ɗora bisa, nesa da bango da ƙasa. Kwafi ɗaya a kai ɗakin wata 'yar'uwa, saboda gobara da ambaliya.

Ƙanwar tawa dai Allah Ya taimake ta. Wani abokin aikin Malam, wanda aka ɗauke su rana ɗaya, ya kawo tasa takardar, aka ga kwanan watan da lambar da za a nemo fayil da ita. Maganar shekara ukun kuwa an ce sai an ga abin da ke cikin fayil ɗin, gama da shi za a yi aiki. Ranar da zan taho na bar babbar ɗiyarta, 'yar aji uku, zaune bakin ƙofa tana kwafe lambobin a bayan littafinta na lissafi, uwar tana karanto mata ɗaya ɗaya. Ƙanen Malam kuwa ya ce da asuba zai fita Jega, ya kama motar farko ta Birnin Kabi.