Fafutukar Kare Haƙƙin Yara a Duniya da Yadda Ake Auna Tasirinta

A ranar 20 ga watan Nuwamba na shekarar 1989 ne Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara, wadda ta fara aiki a watan Satumba na 1990. Ƙasashe 196 ne suka tabbatar da ita a hukumance. Amurka ce kaɗai daga cikin mambobin majalisar ta tsaya a sanya hannu, ba ta kai ga tabbatarwa ba. Babu wata yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam da ta sami karɓuwa irin wannan. To amma karɓuwa a zauren taro daban, sauyi a rayuwar yaro daban. Tazarar da ke tsakanin waɗannan abubuwa biyu ita ce masana suke ƙoƙarin aunawa, kuma aikin ya fi yadda ake zato wuya.

Asalin Fafutukar

Tushen wannan fafutuka yana komawa ne ga ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da yunwa ta addabi yara a Jamus da Ostiriya. Wata Baturiyar Ingila mai suna Eglantyne Jebb, tare da 'yar'uwarta Dorothy Buxton, suka kafa ƙungiyar Save the Children a 1919. Daga baya Jebb ta fahimci cewa agaji kaɗai ba zai wadatar ba, domin mai bayarwa yana iya janye hannunsa duk ranar da ya ga dama. Saboda haka ta tsara wata gajeriyar takarda mai ƙa'idoji biyar, wadda ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan zamani ta karɓa a birnin Jeniba a 1924. Majalisar Ɗinkin Duniya ta faɗaɗa ta zuwa ƙa'idoji goma a 1959. Duk da haka, waɗannan takardu biyu sanarwa ce kawai, ba sa ɗaure kowace gwamnati. Ƙasar Folan ce ta kawo shawarar a mayar da su yarjejeniya a 1978, aka kuwa shafe shekara goma ana tufka da warwara kafin a daidaita.

Yarjejeniyar tana da sassa 54. Ta bayyana yaro da cewa shi ne wanda bai cika shekara 18 ba, sai dai in dokar ƙasarsa ta ba shi matsayin babba kafin nan. An gina ta bisa ginshiƙai huɗu: kada a nuna wa yaro bambanci, a fifita maslaharsa a duk abin da ya shafe shi, a kare rayuwarsa da girmansa, a kuma saurari ra'ayinsa gwargwadon hankalinsa. Abin lura a nan shi ne, sashe na 20 ya ambaci tsarin kafala na shari'ar Musulunci a cikin hanyoyin riƙon yaron da ya rasa iyaye, wanda ke nuna cewa ba murya ɗaya ce ta tsara ta ba. Ko da yake haka ne, ƙasashen Afirka sun ga akwai sauran giɓi. A 1990 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta samar da tata yarjejeniyar, wadda ta fara aiki a 1999. Wannan ta haramta aurar da yaro ko yarinya kafin shekara 18, sannan ta ɗora wa yaro nauyin girmama iyaye da manya, abin da ta farkon ba ta fito da shi a matsayin wajibi ba.

Yadda Ake Matsa wa Gwamnatoci

Yarjejeniyar ba ta da ɗan sanda, ba ta da kurkuku. Makaminta shi ne rahoto da kunya. Kowace ƙasa za ta miƙa rahoto ga wani kwamitin ƙwararru 18 da ke zama a Jeniba, shekara biyu bayan tabbatarwa, daga nan kuma duk bayan shekara biyar. Da yake ba a tsammanin gwamnati ta fallasa kanta, ƙungiyoyi masu zaman kansu su ma sukan aika nasu rahoton, kwamitin ya kwatanta biyun, ya yi wa wakilan ƙasa tambayoyi, sannan ya fitar da shawarwari a fili. Wata hanyar ita ce gangami. Rahoton da Graça Machel ta gabatar a 1996 kan halin yara a fagen yaƙi ya share fagen ƙarin yarjejeniyar shekarar 2000 game da sanya yara aikin soja. Haka kuma tattakin duniya da Kailash Satyarthi na Indiya ya jagoranta a 1998 ya taimaka wajen samar da yarjejeniya mai lamba 182 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1999, wadda ta haramta munanan nau'o'in bautar da yara.

Matsalar Awo

Mafi sauƙin abin ƙirgawa shi ne doka, shi ne kuma mafi ruɗarwa. Nijeriya ta tabbatar da yarjejeniyar a 1991, amma sai a 2003 ta kafa Dokar Haƙƙin Yara. Ko a nan ɗin ma, tsarin mulki ya sa dole kowace jiha ta yi tata dokar, kuma Jihar Kano ba ta kammala tata ba sai a 2023. Mai duba jadawalin ƙasashe zai rubuta 1991 ya wuce, alhali fiye da shekara talatin ne tsakanin alkawarin da isowarsa wata majalisar jiha. Bayan doka sai a dubi aiki: nawa aka ware a kasafi, nawa aka saki, malamai nawa aka ɗauka. Daga ƙarshe sai sakamako, wato abin da ya sami yaron kansa.

Don gano sakamako ne Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, ya ƙirƙiro binciken gida-gida mai suna MICS a tsakiyar shekarun 1990. Ma'aikata sukan bi gidajen da aka zaɓa su tambayi iyaye, su gwada nauyin yara da tsayinsu, su duba katin rigakafi. Alƙaluman da ake samu daga irin wannan bincike suna da daɗi da ɗaci. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar da ke mutuwa a duniya sun ragu daga sama da miliyan 12 a 1990 zuwa ƙasa da miliyan 5 a 2022. Yaran da ke aikin ƙarfi sun ragu daga miliyan 246 a 2000 zuwa miliyan 138 a 2024. Sai dai kusan kashi biyu cikin uku na waɗannan yara suna Afirka kudu da Sahara ne. Jimillar duniya takan lulluɓe yankin da aka bari a baya, kamar yadda matsakaicin makin aji yake ɓoye ɗalibin da ya faɗi.

Akwai kuma tambayar da ta fi wannan tsauri: wa za a jingina wa nasarar? Raguwar mutuwar yara ta zo daidai da yaɗuwar rigakafi, da amfani da ruwan gishiri da sukari wajen maganin gudawa, da ƙaruwar ilimin iyaye mata, da bunƙasar arziki a Sin da Indiya. Ba za a iya raba duniya biyu, a ba wa rabi yarjejeniya a hana rabi, don a ga bambanci ba. Shi ya sa masu bincike na gaskiya sukan taƙaita da'awarsu ga cewa fafutuka ta ba da gudummawa, su bi sawun yadda wata shawara ta zama doka, dokar ta zama kasafi. Rahoton da ƙungiya ta rubuta kan aikin kanta don masu ba ta kuɗi kuwa, ya kamata a karanta shi da taka-tsantsan.

Fannin ilimi ya fi kowane fito da wannan matsala sarari. Sashe na 28 ya wajabta ilimin firamare kyauta, kuma shekara da shekaru ana auna cika wannan alkawari da yawan sunayen da ke cikin rajista. A 2019 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 53 cikin ɗari na yara a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki ba sa iya karanta sassauƙan rubutu su fahimce shi a shekara goma da haihuwa, kuma da yawansu suna makaranta. Wannan ya sa zagayen binciken gida-gida na baya-bayan nan suka haɗa da ba wa yaro gajeren labari ya karanta, a yi masa tambayoyi a kai. Har ila yau akwai yaran da ba sa shiga lissafi ko kaɗan. A 2024 UNICEF ta ƙiyasta cewa kimanin yara miliyan 150 'yan ƙasa da shekara biyar ba a yi musu rajistar haihuwa ba. Binciken da ya dogara da gidaje kuma yakan tsallake yaron da ke kwana a tasha ko a kasuwa.

A nan ne aikin malami ya shigo ciki. Ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, wadda ma'aikatun ilimi ke tattarawa su gina rahoton ƙasa a kanta, daga rajistar aji take farawa. Idan malami ya ci gaba da yi wa yarinyar da aka cire tun zangon farko alamar halarta, don kada yawan ajinsa ya ragu, to yarinyar za ta isa Jeniba a matsayin ɗaliba, alhali tana bakin titi da farantin talla a ka.