ME YA SA GARI KE CIKA A RANAKUN AIKI?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, duk wanda ya shiga Madawa ranar Litinin da hantsi ya ga abin da za mu yi magana a kai. Tasha cike take. Ƙofar likita cike take. Ƴan kabu-kabu suna kai da kawowa, amalanke na bin amalanke. Haka abin yake a Buza, haka yake a Keita. Har wani ya kan tsaya ya ce: "Wai duk wannan jama'a ba su da aikin yi ne?"

Suna da shi. Mafi yawansu aiki ne ya kawo su, ko wata bukata da ba ta biyuwa a ƙauye. Gari yana tafiya bisa lissafi uku: lissafin biro, lissafin kasuwa, da lissafin damina da rani. Wanda ya san ukun nan ba ya yin tafiyar banza.

Gari kaɗan, jama'a da yawa

Mu fara da ƙidaya. A ƙidayar jama'a ta shekarar 2012, gundumar Madawa tana da mutum sama da dubu 500. Ta Buza sama da dubu 400, ta Keita sama da dubu 300. Amma a cikin garuruwan nan uku babu wanda mazauna cikinsa suka kai dubu 30 a lokacin. Ke nan yawancin jama'a a ƙauyuka suke zaune.

To amma perefe a gari yake. Babbar likita a gari take. Gidan shari'a, jandarmomi, shugabannin malaman gona da na dabbobi, duk a gari. Mutumin Bangi ko Urno in magana ta fi ƙarfin garinsu, sai Madawa. Na Karofan ko Tabotaki sai Buza. Na Garhanga ko Ibohaman sai Keita. In kowane ƙauye ya aiko mutum biyu kawai, ai gari ya cika.

Lissafin biro

Kakanninmu ba su san hutun ƙarshen mako ba. Sun san Juma'a, sun san ranar kasuwa. Hutun Lahadi Turawan Faransa ne suka zo da shi tare da biro da lakwal. Bayan samun mulkin kai a 1960 aka ci gaba da shi, daga baya aka haɗa da Asabar. Dokar aiki ta Nijar ta sa awa 40 a mako. Ma'aikatun gwamnati suna buɗewa daga Litinin zuwa Juma'a, kuma ran Juma'a ana tashi da wuri saboda masallaci.

Ku duba abin da wannan ke haifarwa. Mako kwana 7 ne, amma ƙofar biro kwana 4 da rabi take buɗe. Mai neman takardar haihuwa, mai neman katin ɗan ƙasa, masu rigimar iyakar gona, duka cikin kwanakin nan za su zo. Litinin ta fi kowace rana cika, don bukatun Asabar da Lahadi sun taru sun jira ta.

Ga kuma ƴan lakwal. Daga watan Oktoba zuwa Yuni, yara na cika hanya da safe da kuma lokacin tashi. Wasu daga ƙauye aka kawo su, suna zaune gidan dangi don su yi kwaleji. In aka yi babban hutu, mai ƙosai na bakin lakwal shi ne farkon wanda zai sani.

Ma'aikaci ɗaya yana jawo aikin mutum da yawa. Mai shayi ya kafa teburinsa kusa da biro. Mai tuwo ta aza tukunya kusa da likita. Mai ɗaukar hoto da mai rubuta takarda suna zaune ƙofar meri. Waɗannan ba su da albashi, amma agogon biro suke bi. In wata ya ƙare aka biya albashi, mahauci da tela su ma sun ji a aljihunsu.

Lissafin kasuwa

Wannan ya girmi biro nesa ba kusa ba. Kowace kasuwa tana da ranarta a mako, ba ruwanta da hutun ma'aikata. Ɗan kasuwa yau yana nan, gobe yana can, har ya zagayo. Shi makonsa ba shi da Asabar, ba shi da Lahadi.

Madawa tana bisa babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta bi Ƙwanni, ta wuce Maraɗi da Damagaram. Saboda haka mota ba ta yankewa. Lokacin cirar albasa a fadamar Tarka, wajen watan Maris da Afrilu, manyan motoci na zuwa lodi. Albasar nan har Gana da Kodebuwa ake kai ta. Ƴan dako, masu ɗinkin buhu, dillalai, direbobi da yaransu, duka a gari suke kwana suke tashi.

In ranar kasuwa ta faɗo cikin ranakun biro, to ranar ce gari ke batsewa. Dalili a fili yake. Ranar ce mota ke shiga ƙauye. Mutum ya kawo akuya ko tabarmi ya sayar, ya kai yaro likita, ya biya meri, duk da kuɗin mota ɗaya. Dabara ce mai kyau, sai dai kowa ita ya yi. Shi ya sa layi ke yin tsawo.

Lissafin damina da rani

In ruwa ya sauka aka yi shuka, gari sai ya yi sauƙi da safe. Kowa yana gona, har mazauna gari da yawa. Bayan an yi girbi, hannu ya samu, sai a fara biki da gini da biyan bashi. Gari ya sake cika.

Daga nan samari su kama hanyar cin rani. Mutanen Adar sun daɗe da sanin wannan hanya: Najeriya, Abijan, Libiya, Aljeriya. Manya suna tune da aikin furojen Keita da aka fara a 1984 da taimakon ƙasar Italiya. Mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da gyaran fako, don maza sun tafi bida. Har yau da rani, in ka duba layin likita ko na meri, za ka ga mata da tsofaffi da yawa. Su aka bar wa gida, su ke zuwa gari a madadin mai gida.

Abin da zamani ya sake

Abu biyu sun sake tafiyar aiki: salula da babur. Da can ɗan cin rani sai ya sami mai zuwa gida ya ba shi saƙo. Yanzu yana aiko kuɗi daga Abijan da safe, kafin azahar a kira uwarsa a ce ta je ta karɓa. Wurin karɓar kuwa galibi a gari yake. Da can zuwa Buza daga wani ƙauye tafiyar yini ce bisa jaki. Yanzu kabu-kabu ya kai ka ya maido ka kafin la'asar. Da tafiya ta yi sauƙi, masu zuwa sai suka ƙaru.

Sababbin sana'o'i kuma sun fito: mai cajin waya, mai gyaranta, mai gyaran babur, mai gyaran injin ban ruwa. Babu mai kaɗa musu ƙararrawa. Inda jama'a take, nan ne wurin aikinsu.

Ba mu kaɗai ba ne. A Turai da Amurka, tun annobar korona ta 2020, ma'aikata da yawa suna yin aikinsu daga gida da kwamfuta. Can ma ana ganin mutane cikin gari lokacin da a da suke biro. Ashe ganin mutum a titi da hantsi ba ya nuna ba shi da aiki.

Kafin ka kama hanya

Yini guda na manomi ba abin wasa ba ne, kuɗin mota kuma ba a tsintarsu. Ga abin da za a kiyaye:

1. In takarda kake nema, kada ka zo Asabar ko Lahadi, ko Juma'a bayan masallaci, ko ranar hutun salla.
2. In ba dole ba, bar Litinin da ranar kasuwa. Zaɓi wata rana a tsakiyar mako.
3. Yi sammako. Zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri.
4. Tambayi mai gari ko mushen lakwal takardun da za ka riƙo. In kana da lambar wani a gari, kira ka ji ko ma'aikacin yana nan.
5. Ba kowace bukata ke kai mutum babban gari ba. Tun 2004 ƙananan hukumomi ke aiki, kamar Tamaske, Tama da Sabon Gida. Fara da merin da ke kusa da kai.
6. In an yi haihuwa, a rubuta yaro tun da wuri. In wa'adi ya wuce sai an bi ta gidan shari'a, tafiya ɗaya ta zama uku. Yaron da ba shi da takarda zai sha wahala ranar jarrabawa.
7. Ciwo mai tsanani da naƙuda ba su jiran Litinin. Likita tana da masu gadi dare da rana. A kai mara lafiya nan take.

Kai da ka iya karatu, karanta wa maƙwabcinka wannan. Ka rubuta ranakun kasuwannin yankinku da ranakun biro a takarda, ka liƙa a zaure inda kowa zai gani. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.