Faɗakarwa Ga Masu Kwafin Karatu Bisa Faifan DVD

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, sananne ne ga malamai cewa marubucin Alƙur'ani ba ya zama rubutu sai ya fiƙe alƙalami, ya gwada tawada, ya zaɓi takarda. Mutanen da har takardar Italiya suke nema, mai tambarin jinjirin wata uku. In ya ƙare kuwa, sai ya kai wa gwani ya duba, kada wasali guda ya faɗi. To, wannan hukunci yana kan mai kwafin karatu da tafsiri bisa faifan DVD, ko da yake alƙalaminsa na ƙarfe ne.

Shi wannan faifai a Japan ya fara fita cikin 1996, watau shekarar da Shehu Nasiru Kabara ya rasu, bayan rasuwar Shehu Abubakar Gumi da shekara 4. Da yawa daga karatun irin waɗannan malamai a kaset aka ɗauke shi, kaset kuwa yana tsufa. A yau waya da katin memori sun ci kasuwar faifai, amma har wa yau akwai gidajen da na'urar kallo ke aiki, akwai kuma masu son ajiye karatu a abin da kuskuren yatsa ba ya shafewa. Faifan da ya tsaya a tsakiyar aya, ko ya tsallake ta, hasara ne ga mai saye, abin kunya ga ɗan kasuwa.

Ga yadda aikin yake. A cikin faifan da ba a rubuta ba akwai rini shimfiɗe tsakanin roba biyu. Na'urar rubutu takan harba jan haske siriri, wanda ake kira leza, ya ƙona ɗige-ɗige a rinin, sa'an nan na'urar kallo ta bi su tana karantawa. Allo akan wanke shi a sake, amma wannan in ya ƙonu, shi ke nan. Akwai mai shafuwa, mai alamar RW, sai dai tsofaffin na'urorin kallo sukan ƙi shi.

Sharaɗi na farko, na'urar rubutu. Iri biyu ce: babbar da ake sakawa cikin kwamfutar tebur, da siririyar da ake jonawa da igiyar USB. Mai aiki da yawa ya nemi babbar, gama ta fi jimiri, wutarta kuma isasshiya ce. Siririyar kuwa daga igiyar take shan wuta, in ba ta ishe ta ba sai rubutu ya ɓaci. Ana samun na LG da Asus da Lite-On. Kamfanin Sony Optiarc ya bar sana'ar cikin 2013, Pioneer kuma cikin 2025, saboda haka da yawa a kasuwa na hannu ne. Hasken leza yana raunana da tsufa, lalle mai saye ya sa a rubuta faifai guda a gabansa kafin ya biya.

Na biyu, faifan kansa. Akwai DVD-R na Pioneer tun 1997, da DVD+R wanda ya biyo baya cikin 2002. Na'urar zamani tana rubuta duka, amma tsohuwar na'urar kallo ta fi sabawa da na farkon. Wanda ba shi da sai na biyun, ya nemi na'urar da ke iya sa masa shaidar DVD-ROM, watau ta faifan masana'anta, domin tsofaffin su karɓe shi. Faifai mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar giga 4.7, mai biyu 8.5, amma mai biyun yakan yi tuntuɓe a wurin haurawa daga shimfiɗa zuwa shimfiɗa. Kowane faifai yana ɗauke da lambar wanda ya ƙera shi, da ita na'ura ke sanin ƙarfin hasken da za ta ba shi. Na jabu yakan ari lambar wani, rubutu ya fita gurgu. Taiyo Yuden na Japan, wanda ya shahara da nagarta, ya daina ƙira cikin 2015. Wanda aka kawo wa sabo da wannan suna, sai ya bincika.

Na uku, sauri. A ninki 16 faifai yana cika cikin wajen minti 6, a ninki 8 wajen minti 9, a ninki 4 wajen minti 15. Gaggawa aikin Shaiɗan ce. Tsaka-tsaki, 6 ko 8, ya fi aminci. In kuwa aka ɗauke wuta ana cikin rubutu, faifan ya mutu, don haka a tanadi batirin tsaye.

Na huɗu, tsari. Zuba majigi cikin faifai kamar yadda ake zubawa a waya ba ya wadatarwa, gama ba kowace na'urar kallo ke gane MP4 ba. A tsara shi a matsayin DVD-Video, mai jakar VIDEO_TS, bisa ƙa'idar PAL ta hoto 25 a daƙiƙa, wadda talabijin na Nijeriya da Gana suka saba da ita, ba NTSC ta Amurka ba.

Na biyar, rufewa da bita. Faifan da ba a rufe ba kamar littafi ne da ba a sa wa "tammat" ba: kwamfuta za ta karanta shi, na'urar kallo ta ƙi. Manhajoji irin su ImgBurn da Nero suna iya gwada kwafi da asalinsa bayan rubutu, kada a yi ƙyuyar wannan. Sa'an nan a sa shi a na'urar kallo biyu ko uku, a duba farko da tsakiya da ƙarshe. Daga cibiya ake fara rubutu zuwa baki, a bakin kuma aibi ya fi yawa, saboda haka kada a cika shi maƙil.

Daga ƙarshe, rana da zafi abokan gaban rini ne. A ajiye faifai cikin gidansa a inuwa, a yi kwafi biyu na abin da ba shi da madadi, a kuma nemi iznin mai haƙƙi kafin a sayar. Mai saye ba ya ganin aibin faifai sai ya isa gida, to, amanar tana wuyan mai kwafi.

Allah ya sa a dace, amin. Tammat.