Tukwanen Ladi Kwali: Darasi Ga Masu Sana'ar Hannu

Masu sana'ar hannu da dama kan riƙe kayansu a ɗaka suna ta gyara, wai sai sun fito babu aibi, alhali jari yana kwance, bashi yana hawa.

Marigayiya Ladi Kwali ba ta yi haka ba. Tukwanenta da Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya saya ne Baturen nan Michael Cardew ya gani a fada. Sanadiyyar haka ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954.

Ba ta bar zanen ƙadangaru da kunamu ba, sai dai ta ƙara wa tukwanen sheƙi da ƙarko. A 1958 aka baje kolinsu a Landan.

Kayan da ido ya gani ake tayawa.