Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Abin Da Lissafin Shekarar Farko A Jami'a Ke Bukata Daga Ɗalibi

Duk wanda ya ratsa ƙasar Ɗandume da kaka, ya ga yadda buhunan masara ke kwarara zuwa kasuwa, ya san ba a rana ɗaya aka same su ba. An yi sharar gona, an yi shuka da noman firi da maimai, an zuba taki a kan kari. Manomin da ya yi sakaci da ɗaya daga cikin waɗannan ba zai rama shi ranar girbi ba. To, haka nan lissafin shekarar farko a jami'a yake. Ɗalibai da yawa daga Ɗandume da Funtuwa da Malumfashi kan sami kiredit a lissafi a jarrabawar WAEC ko NECO, su tsallake ta JAMB, amma su yi tuntuɓe a zangon farko. Sau da yawa ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, rashin sanin ƙa'idojin karatun ne tun da wuri.

Me Ake Koyarwa?

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ita ke tsara mafi ƙarancin abin da za a koyar. A tsarin da ta ƙaddamar a 2022, ɗalibin kimiyya zai tarar da kwasa-kwasai biyu, MTH 101 da MTH 102, kowanne mai yunit 2. Na farko ya ƙunshi aljabara da tirigonometri, wato lissafin kusurwoyi. Na biyu shi ne kalkulas, ilmin da ke auna yadda abu ke canzawa. Suna da lambar kwas kan ɗan bambanta tsakanin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, amma ginshiƙin ɗaya ne.

Ga misalin irin tunanin da ake nema. Mai lambu yana da waya mai tsawon mita 100, yana so ya kewaye fili mai kusurwa huɗu. In ya yi tsawo 40 faɗi 10, ya sami murabba'in mita 400. In ya yi 30 da 20, ya sami 600. In kuwa ya yi 25 da 25, ya sami 625. Ɗalibin sakandare zai iya kai wa ga wannan ta hanyar gwaji. A jami'a kuwa sai ya kawo hujja. In tsawo x ne, faɗi zai zama 50 − x, girman fili kuma x(50 − x). Kalkulas ya nuna cewa saurin ƙaruwar filin shi ne 50 − 2x, wanda ke komawa sifiri daidai lokacin da x ya kai 25. Daga nan fili raguwa zai yi. Saboda haka malami ba ya wadatuwa da amsa kaɗai. Yana bin matakan da aka bi, a kansu kuma yake ba da mafi yawan maki.

Ƙa'idoji Huɗu

Ta farko ita ce halartar lacca. Yunit ɗaya na nufin awa ɗaya ta lacca kowane mako, zango kuwa mako 15 ne. Ke nan kwas mai yunit 2 awa 30 gare shi. Yawancin jami'o'inmu sun shar'anta halartar kashi 75 cikin 100 kafin a bar ɗalibi ya zauna jarrabawa. Wanda ya rasa awa 8 ya halarci 22 kacal, wato kimanin kashi 73, ya faɗi ƙasa da iyaka. Ɗalibin da ya saba komawa gida taya aikin gona ko cin kasuwa sai ya yi wannan lissafi kafin ya hau mota.

Ta biyu ita ce gwaje-gwajen cikin zango. Akan ware musu maki 30 ko 40, sauran a bar wa jarrabawar ƙarshe. A tsarin maki 30, wanda ya tara 24 yana bukatar 46 daga cikin 70 don ya kai matakin A. Wanda ya tara 8 kuwa sai ya ci 62, abin da ba kasafai ake samu ba. Duk wanda ciwo ya hana shi gwaji, ya kai takardar asibiti ga sashe nan da nan, don uzurin baka ba ya karɓuwa.

Ta uku ita ce ma'aunin sakamako. A mafi yawan jami'o'i, 70 zuwa sama A ne mai daraja 5, sai B daga 60 mai 4, C daga 50 mai 3, D daga 45 mai 2, E daga 40 mai 1. Ƙasa da 40 faɗuwa ce. Wanda ya faɗi dole ya sake kwas ɗin baɗi, ga nauyin sababbi a kansa, ga sifirin da ya shiga matsakaicin makinsa. In matsakaicin ya yi ƙasa da iyakar da jami'a ta sa, gargaɗi zai biyo baya, daga nan sai sallama.

Ta huɗu ita ce gaskiya. Tattaunawa da abokai a kan aikin gida abu ne mai kyau, amma kwafe aikin wani ba karatu ba ne. Maguɗin jarrabawa kuwa laifi ne a dokar ƙasa ta 1999, jami'o'i kuma na korar ɗalibi a kansa.

Shiri Tun Daga Sakandare

A ajin farko na jami'a, ɗaruruwan ɗalibai ne ke cika ɗakin lacca, malami ba zai bi kowa ya duba littafinsa ba. Don haka, ya kai ɗalibi, ka saba da zama kullum kana warware tambayoyi da alƙalami da takarda, domin ba a koyon lissafi da kallo. In makarantarku na koyar da ƙarin lissafi a babbar sakandare, kada ka guje masa. Ka ƙware a kasafi da aljabara, don a nan ne mafi yawan kura-kurai ke faruwa, ba a sabon darasi ba. Abin da ya shige maka duhu ka tambaya a makon, kada ka bari ya kwana biyu. Matambayi ba ya ɓata.

Ku kuma malamai, taimakon da ya fi shi ne ku riƙa tambayar yaro "don me?" bayan ya ba da amsa, ku kuma ba da maki ga matakai. Yaron da aka horar da hadda kaɗai yakan ruɗe da zarar an sauya wa tambaya riga.

Gado Ne

Kada kowa ya ɗauka lissafi baƙo ne a ƙasarmu. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a kan hanyoyin tsara hatimin lambobi, inda kowane layi ke ba da jimla ɗaya, masana tarihin lissafi kuma na ambatonsa har yau. A zamanin boko, Farfesa Iya Abubakar ya shugabanci sashen lissafi a Jami'ar Ahmadu Bello kafin ya zama shugaban jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Su kuma masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, masu fitar da ingantaccen irin masara, da lissafi suke tantance wane iri ne ya fi yabanya.

Ɗan manomi ya riga ya san cewa aikin da ba a yi a kan kari ba ya wuce. In ya ɗauki mako 15 na zango kamar damina, ya ba kowane mako haƙƙinsa, ranar jarrabawa za ta zame masa ranar girbi. Allah ya ba da sa'a, amin.