Haƙoran Roba Sun Shiga Kwamfuta

Bahaushe ya daɗe da sanin haƙorin da ba a haife shi da shi ba. Duk wanda ya zauna a Zangon Agege ya ga alhazai da hajiyoyi masu haƙorin Makka. Amma wancan ado ne. Maganarmu ta mai giɓi ce, wanda haɗarin babur ko ciwon dasashi ko tsufa ya raba da haƙoransa, har a unguwar da cinikin goro ya kafa ya koma sai an goga masa goro a magogi.

A asibitin koyarwa na Idi-Araba ko na Ikeja, aikin haƙoran roba na mutum biyu ne. Likita ne ke ganin baki, amma mai ƙerawa yana can ciki, a ɗakin da majiyyaci ba ya shiga. Sana'a ce mai tarihi a Legas: a nan aka buɗe makarantar koyar da ita a 1955, kafin a mayar da ita Inugu a 1982. A tsohuwar hanya, likita ya cika faranti da wani abu mai danƙo, ya danna a baki ya ɗauki siffar dasashi. Maƙeri ya zuba garin filasta a ciki, ya jera haƙora ɗaya bayan ɗaya a kan kakin zuma, a gwada, a gyara, sannan a narkar da kakin a dafa roba a gurbinsa. Wanda ba shi da haƙori ko ɗaya yakan yi zuwa biyar kafin a gama. Ga ɗan kasuwa, kowane zuwa wuni guda ne a cunkoson Legas, shago a rufe.

Sabuwar hanyar ta faro ne daga Turai. A 1985, a birnin Zurik na Suwizalan, likitan haƙori Werner Mörmann ya fara cike haƙorin majiyyaci da abin da na'ura ta sassaƙa bisa zanen kwamfuta. Cikakken jerin haƙoran roba bai bi sahu ba sai wajen 2011, lokacin da aka fito da tsarin AvaDent a Amurka. Yanzu ana ɗaukar siffar baki da ƙaramar kyamara, ko a ɗauki hoton awon da aka yi, maƙeri ya jera haƙoran a allon kwamfuta. Daga nan ko dai inji ya fafe su daga dunƙulen robar da aka riga aka dafa a masana'anta, ko kuma wata na'ura ta gina su daga ruwan roba, shimfiɗa kan shimfiɗa, haske yana daskarar da ita. Na sassaƙa sun fi ƙarfi, sun kuma fi zama daram, domin robarsu ta gama tsukewa tun kafin a yanke ta. Na ginawa sun fi sauri da araha, sai dai ba su daɗe a bakunan mutane ba har a san iyakar ƙarkonsu. Zuwa biyar kan koma biyu ko uku.

To, amma kada ƙyalƙyalin na'ura ya ruɗe mu. Kyamara ta iya ɗaukar haƙori, don ba ya motsi. Dasashi kuwa nama ne, yana lotsawa, yana bin motsin leɓe da harshe, shi ya sa ko a manyan ɗakunan ƙira na waje likitoci da yawa har yanzu da faranti suke fara awon bakin da ba haƙori. Keken ɗinki, komai tsadarsa, ba ya gyara awon da tela ya ɓata. A ganina tambayar farko ba ta inji ba ce, ta wanda ya auna bakin ce. Tun 1987 akwai hukumar da ke yi wa maƙeran haƙora rajista a Najeriya, kuma wanda ke manna wa mutane haƙori a rumfar bakin titi ba ya cikinsu. Haƙorin da aka liƙe yadda ba a iya cire shi a wanke yakan tara ƙazanta, ya ruɓar da maƙwabtansa.

Akwai kuma batun kuɗi. Inji da roba da manhaja duk da dala ake sayo su, ga shi wuta ba ta da tabbas, ɗaukewarta a tsakiyar aiki asara ce. Ga mai giɓin haƙori ɗaya ko biyu, aikin hannun gwani ya wadatar.

Babbar ribar kwamfuta ita ce ajiya. Idan haƙoran suka karye ko suka ɓace, zanensu na nan, sai a sake fitar da su. Don haka wanda aka yi wa ya tambaya ko za a ba shi kwafin zanen, musamman mu da muke da ƙafa ɗaya a Legas, ɗaya a Kano ko Maradi. Ya dai sani ƙashin muƙamuƙi yana zaizayewa bayan an rasa haƙora, mafi yawa a shekarar farko, saboda haka zanen da ya shekara biyar sai likita ya sake duba bakin kafin a yi aiki da shi.